Wasiƙa kan auna kalsiyam a ruwan rijiya

Aminina Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Na ji daɗi ƙwarai da ka ce makarantarku ta samu na'urar Vernier ta auna kalsiyam. Ku da ke kusa da Kalambaina, inda dutsen siminti yake, ruwan burtsatsenku zai ba yara abin gani sosai.

Abin da nake so ka riƙe shi ne saiti, don na'urar ba ta san komai ba sai abin da ka gaya mata. Kafin darasi ka jiƙa bakinta a ruwan ma'auni, wato ruwan da aka san yawan kalsiyam ɗin da ke cikinsa, mai ƙarfin, na miligiram 1000 a lita, har minti 30. Kada ta taɓa gindin kofi, ruwan ya rufe fararen ɗigon nan na gefenta, kuma ka duba ko kumfa ta maƙale a ƙarƙashin 'yar fatar bakin, domin kumfa ɗaya ta isa ta sa lamba ta yi ta rawa. Sai ka shigar da 1000. Ka ɗauraye da ruwan distil, wato ruwan da aka tace ta hanyar tururi, ka ɗan dangwala takarda mai laushi ba tare da gogewa ba, ka tsoma a mai rauni, na miligiram 10 a lita, ka jira lamba ta tsaya, ka shigar. Ɗigo ɗaya daga mai ƙarfin in ya faɗa cikin mai raunin, saitin ya lalace. Fiya wata kuwa ba distil ba ne, yana iya ɗauke da nasa kalsiyam.

Idan ruwan ma'aunin ya ƙare, ka narkar da giram 2.77 na busasshen kalsiyam kuloraid, ka cika lita ɗaya da ruwan distil. Mililita 10 daga ciki, a cika zuwa lita, shi ne mai raunin. Gishirin nan yana shan danshin iska, ka auna da sauri ka rufe kwalba.

Ruwan da aka ɗebo da rana a bar shi ya huce tukuna, zafinsa ya zo ɗaya da na ma'auni, in ba haka ba lambar za ta kauce.

Don kwatanta sakamako da teburin da ke littattafai na ruwan da ke hana sabulu kumfa, a ninka shi sau 2.5, ya koma lissafin kalsiyam kabonet: 60 ya zama 150. Amma ka tuna wa yara cewa na'urar ba ta ganin maganiziyam, alhali shi ma yana hana sabulu kumfa.

Bayan aiki kada ka bar ta kwance cikin ruwa. Ka mayar da ita kwalbarta mai soso, bakin bai taɓa soson ba, kuma da hunturu ka riƙa leƙawa kana ɗiga masa ruwa, don iskar tana busar da shi da wuri.

Ka aiko mini da lambobin rijiyoyinku na rani da na damina. A gaida mutanen gida.

Naka amini.