Wasiƙa daga Tawa: don Allah kada a hana ta ruwa

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Yaya Kwatano, yaya maigida da yara? Saƙonki ya iso, kuma labarin ƙanwarki da ke ƙauye ya tsaya mini a rai. Allah ya sa jaririn mai ceto ne, ita kuma ya ba ta lafiya.

Kin ce sati 2 ke nan da haihuwar, fitsari yana zuba dare da rana. Da alama yoyon fitsari ne, wato huji ya samu tsakanin mafitsara da gaba. Ki kira Inna yau, ki ce a kai ta likita a sa mata robar fitsari, kada a zauna jiran ranar da za a yi mata aiki. In hujin sabo ne kuma ƙarami, robar ta yi sati 4 zuwa 6 tana kwashe fitsarin, mafitsara ta huta, wani sa'in naman yakan haɗe da kansa ba a sa wuƙa ba. Dakta Kees Waaldijk, wanda ya daɗe yana wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, ya nuna haka. Ba kowa ke dacewa ba, amma in bakin hujin ya yi tabo, damar ta wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Na san za ta rage sha don zubar ta ragu, kusan dukansu haka suke yi. Na ga wata a nan unguwarmu, leɓɓanta duk sun tsage, a zafin Tawa, tana wuni a kan moɗa ɗaya. Fitsarin sai ya yi kauri, ya yi zarni, ya cinye mata cinyoyi, har tsakuwa yakan haifar a mafitsara. Ta sha sosai, wajen lita 5 a wuni, har fitsarin ya fito fari tas. Warin da take jin kunyarsa ma zai ragu.

Safe da yamma ta zauna cikin ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ta bushe jikin a hankali, ta shafa basilin inda fitsari ke bi. Ƙunzugu na auduga, a canza da zarar ya jiƙe, a wanke da sabulu a shanya a rana. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado. Kada a cusa komai ciki, ko ganye ko tsumma. Kuma ta riƙa takawa, kada a ware mata ɗaki ko kwano.

In an cire robar bai tsaya ba, akwai cibiyar yoyon fitsari ta ƙasa a Yamai, akwai ta Danja kusa da Maraɗi. In sun biyo ta Tawa, su sauka gidana, ni zan raka ta.

Ki gaida Inna da kyau.

Taki har kullum.