Amsa Ga Wanda Ya Tambaye Ni Nawa Aka Biya Ni Kan Jaridar Ma'aikatan Kyuba

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a dalilin da ya sa na ware makala guda kan jaridar Trabajadores ta Kyuba, alhali a faɗarka kakakin gwamnati ce, sannan ka ƙara da cewa in faɗi nawa aka ba ni. Wannan ƙarin ya yi mini zafi ƙwarai, domin waɗanda muka yi gwagwarmayar ƙungiyar ƙwadago tare sun san ban taɓa sayar da alƙalamina ba, kuma kai ma ka sani.

Ban ɓoye ko ta wace ce jaridar ba. Na rubuta cewa an kafa ta a 1970, kuma mallakar CTC ce, wato babbar ƙungiyar ƙwadagon ƙasar da aka kafa a 1939 ƙarƙashin Lázaro Peña, wadda yau take bin jagorancin Jam'iyyar Kwaminis. Na kuma kawo abin da ya faru a Satumbar 2010, lokacin da CTC da bakinta ta sanar da shirin rage ma'aikatan gwamnati rabin miliyan, kuma na ce duk ƙungiyar da ta zama mai shelar sallamar 'ya'yanta ta bar ma'aikaci ba shi da inda zai kai kuka. Wanda aka biya ba ya rubuta haka.

Abin da ya ja hankalina ya girmi juyin juya halin 1959 da kusan shekara ɗari. A 1865 Saturnino Martínez, mai naɗin sigari a Havana, ya fara buga La Aurora domin abokan sana'arsa, waɗanda da yawansu ba su iya karatu ba. A wannan shekarar aka soma al'adar mai karatu a masana'antar taba: mutum ɗaya yana ɗaga murya yana karanta jarida, sauran suna zaune a layi, hannuwansu na yanka ganye suna naɗi, kunnuwansu na wajensa, kuma daga aljihunsu suke haɗa ladarsa. Hukumar mulkin mallakar Sifaniya ta tsorata har ta hana karatun a 1866. Daga baya Enrique Roig San Martín ya fito da jaridar ma'aikata El Productor a 1887, aka ɗaure shi saboda rubutunsa, ya rasu a 1889. Waɗannan mutane na girmama, kuma da ma'auninsu na auna Trabajadores na ga inda ta gaza.

Batun da ka kawo cewa Trabajadores jaridar mako-mako ce kawai ba hujja ba ne, domin ƙarancin takarda a lokacin da Tarayyar Sobiyet ke durƙushewa ne ya rage fitowarta.

Ina kyautata zaton ba ka karanta makalar har ƙarshe ba, in kuwa ka karanta, to tafin 'yan kallo kake nema. Wannan hali ya yi mana katutu: da zarar mutum ya ambaci wata ƙasa sai a tambayi wanda ya aiko shi, har matasanmu suna gudun karanta tarihin ma'aikatan duniya don tsoron laƙabi. Ka nuna mini jimla ɗaya ta ƙarya a abin da na rubuta, ko kuma ka janye zarginka a gaban mutanen da ka yi shi.

Wassalam.