Rahoton ayyukan shekara na kungiyarmu ta masu sha'awar tsuntsaye, Kumasi

Assalamu alaikum yan uwa, iyayenmu da yayyenmu da kannenmu. Ga abin da muka yi bana, wadanda basu samu zuwa mitin na Aboabo ba sai su karanta anan.

Aikin da yafi cin lokacinmu shine kwaikwayon kwan tsuntsaye, dama tun farkon shekara muka yi alkawari ba wanda zai taba sheka ko ya dauko kwai daga daji da sunan koyarwa, to yara kuma sai sun rike abu a hannu suke ganewa, shi yasa muka koma yin namu. Da kwan kaza da na zabuwa muka fara tunda ana samunsu a kasuwa, mu zuba silikon ya dauki siffar, in ya kama mu cika da filasta, wato farin garin nan da ake kwabawa da ruwa ya daskare. Na farko duk sun lalace wallahi, damina ce, filasta bai bushe ba muka yi gaggawar fenti, kwana kadan ya fara barewa. Sai da iska ta bushe aikin ya tsaya.

Wajen launi ne muka fi karuwa. Ashe sinadari biyu ne ke rina yawancin kwan tsuntsaye, furotofofirin mai bada ja-ja da ruwan kasa, da bilibadin mai bada shudi da kore, kuma a sa'o'in karshe kafin uwa ta saka kwan ake shafa launin a kan bawo. Shi yasa dige-digen basa zama a jere, wani ya taru a bangaren kauri wani ya ja kamar an goga. Wata kanwarmu ce ta kawo dabarar tsoma tsohon burushin hakori a fenti a fesa da yatsa, nan take kwan ya daina kama da abin wasa. Na balbela shudi ne mai haske ba digo, na mujiya fari kusan kewayayye, don mai kwai a rami ko kogon bishiya bata bukatar boye shi da launi. Na jimina muka sha wahala, asalinsa ya kai kilo 1.4, kamar kwan kaza 24, sai da muka dura yashi a ciki nauyin yazo daidai.

Mun zaga makarantu a Asawase da Sabon Zango da akwatin kwan da muka yi. Yara sun yi mamakin jin bawo yana da dubban kananan kofofi da dan tsako ke numfashi ta ciki, kuma kafin a kyankyashe kwan kaza kwana 21 ne, zabuwa wajen 28, jimina 42. Mun kuma je dajin Owabi kallon tsuntsaye sau daya, kudin mota ne ya hana a kara.

Maganar ungulu ce ta tsaya min a rai. Kwai daya tak take sakawa, kuma tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da karewa, amma har yanzu ana hawa bishiya a dauke kwan don magani. Mu da muka tashi muna ganinsu cike da mayanka mun san sun ragu. Badi in sha Allah kwan ungulu zamu fara yi, mu kai wa iyayenmu mahauta da masu magani mu zauna dasu.

Masu bashin kudin wata don Allah a kawo wa ma'aji kafin mitin na gaba, silikon ya kare.