Wasiƙa ga Baffa kan binciken asalin da kuka sa ni

Wrocław, Poland
Watan Nuwamba

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, ina fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ku da su Inna da Gwaggo da yaran gida baki ɗaya. Yaya ƙafar taku? Ina fatan an gama shigo da dawa lafiya. Mu nan sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma mun riga mun yi magariba.

Ban manta da abin da kuka faɗa mini a waya ranar babbar Sallah ba. Kun ce ba a ɗauko mace sai an san gidan da ta fito, kuma da a gida take da ku za ku tura a bincika, amma tunda na kai kaina inda ƙafarku ba ta zuwa, ni ne mai neman aure kuma ni ne ɗan aike. Na riƙe amanar. Na ga ya fi kyau in rubuta, don waya tana yankewa, kuma ina so a karanta wa su Gwaggo su ji da kunnensu.

Da farko na ji nauyin tambayar yarinyar da nake nema, ina tsoron kada ta ɗauka zargi ne. Sai na tarar abin ya faranta mata. Ranar Lahadin da ta biyo baya mahaifinta ya sauko da wani akwatin kwali daga saman kabad, cike da hotuna da tsoffin takardu, ya ce shekara da shekaru yana neman wanda zai zauna ya duba su tare da shi. Ashe neman tushen kakanni abu ne da mutanen nan suke yi da gaske, kuma dalilinsa yana cikin tarihinsu.

Ƙasar nan, Baffa, an taɓa share ta daga taswirar duniya. Maƙwabtanta uku, Rasha da Ostiriya da masarautar Jamusawa ta Furushiya, sun yanyanka ta sau uku, a 1772 da 1793 da 1795, har ba abin da ya rage. Shekara 123 babu ƙasa mai suna Poland, sai ranar 11 ga Nuwamba 1918 ta dawo. Saboda haka wanda zai nemi kakansa sai ya fara sanin hannun wa ƙauyensu ya faɗa, domin kowane mai mulki da harshen da aka yi rubutu da shi a zamaninsa. Limaman coci ne suke rubuta haihuwa da aure da mutuwa a manyan littattafai. Yanzu dokarsu ita ce takardar haihuwa takan zauna shekara 100 a ofishin rajista, ta aure da ta mutuwa shekara 80, daga nan a miƙa su ma'ajiyar tsoffin takardu ta gwamnati, irin wadda muke da ita a Kaduna. An ɗauki hoton shafuka masu ɗimbin yawa an sa a intanet, kuma akwai 'yan sa-kai da suka tsamo sunaye suka jera a wani rumbu da ake kira Geneteka. Da shi muka fara.

Dangin mahaifinta daga wani ƙauye suke a yankin Lublin, wanda ya kasance a hannun Rasha. Takardun can da yarensu ake rubuta su, amma daga 1868 aka tilasta rubutawa da Rashanci, sai da muka nemi wata tsohuwar malamar makaranta ta karanta mana. Kowace haihuwa labari guda ake rubuta mata: ranar kaza, da ƙarfe kaza, wane manomi mai shekara kaza ya zo da shaidu biyu, ya nuna mana jariri namiji da matarsa wance ta haifa. Har kwanan wata biyu ake sawa, na Rasha da na sauran Turai, kwana 12 tsakaninsu. A ƙarshe limamin yakan rubuta cewa an karanta wa waɗanda suka zo, ba su iya rubutu ba, don haka shi kaɗai ya sa hannu. Mahaifinta da ya ji wannan jimlar sai ya yi shiru. Shi injiniya ne, 'yarsa kuma likitan haƙori.

Ɓangaren mahaifiyarta ya fi ba mu wahala, kuma shi ya fi taɓa mini zuciya. Kakarta ta wajen uwa tana da rai, ta haura tamanin, kowa yana ce mata Babcia, wato Kaka. An haife ta a wani ƙauye kusa da birnin da suke kira Lwów, wanda yau yake cikin Yukren. Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, manyan ƙasashe suka tura iyakar Poland gaba ɗaya zuwa yamma. Gabashinta ya tafi ga Tarayyar Sobiyet, aka ba ta wani yanki na Jamus a madadinsa. Garin nan da nake zaune, wanda a baki ake cewa Burotswaf, a da Breslau ne sunansa, na Jamusawa. Aka kwashe Jamusawan, aka zubo wasu mutane. Babcia tana yarinya aka loda su a taragon kaya, su da saniyarsu guda, suka yi makonni a hanya. Ta ce gidan da aka ba su sun tarar da kwanukan masu shi a kan tebur. Mahaifiyar Babcia ta yi shekaru ba ta yarda an gyara rufin ɗaki ba, tana cewa masu gida za su dawo, su ma za su koma nasu. Har ta rasu ba ta sake ganin ƙauyensu ba.

Wasu daga littattafan cocin yankin nasu an kawo su Warsaw, can muka samu na ƙauyensu. Da harshen Latin aka rubuta su, a jere cikin gidajen layi, yadda Ostiriya ta tsara: lambar gida, sunan jariri, addini, sunan uba da sana'arsa, sunan uwa da na iyayenta, har sunan ungozoma. Akwai kuma gida guda da na san shi za ku fara tambaya, wanda ake nuna ko da aure aka haifi ɗan ko babu. Na bi shi da yatsa, suna bayan suna, har kakanni shida. Duk ta hanyar aure suka fito, haka ma na wajen uban.

Ba zan ƙara musu gishiri ba, ba gidan sarauta ba ne. Talakawa ne manoma, in ban da mutum ɗaya da aka rubuta maƙeri. Kakanninsu na can baya sun yi zamanin da ake tilasta wa manomi yin kwanaki a gonar mai ƙasa ba biya, abin da aka soke a yankin Ostiriya a 1848, a na Rasha kuma a 1864. Ban ga inda aka ambaci wani abin kunya ba. Sunayen gidajensu ma suna da kama da namu. Da yawa daga sunan gari ko sana'a suka fito, kamar yadda mu ma mutum yakan ɗauki sunan garinsu. Kowalski daga kalmar maƙeri yake, in kuwa mace ce sai a ce Kowalska. Wanda sunansa ya ƙare da wicz, ɗan wane ke nan.

Takarda dai tana faɗin wanda ya haifi mutum, ba ta faɗin halinsa, don haka ga abin da idona ya gani a gidan cikin shekara guda.

Gaisuwarsu gajera ce. Ba ina kwana, ina gajiya, ina iyali. Kalma biyu ce, dzień dobry, an wuce wurin. Fuskarsu kuma a ɗaure take a kan titi, wanda bai sani ba sai ya ce fushi suke. Amma mutum ba ya shiga lifta ko ɗakin jiran likita bai gaida waɗanda ya tarar ba, kuma saurayi yakan tashi ya ba tsohuwa kujera a mota. Ba a kiran babba da gundarin sunansa. Namiji Pan, mace Pani, kamar mu ce Malam da Malama, kuma ba a sauke wannan sai babban ne da kansa ya ba da izini. Ni har yau Pan nake ce wa mahaifinta. In ka je gida takalmi za ka cire a bakin ƙofa, a miƙo maka silifa na baƙi. Ba a musabaha a kan dokin ƙofa, sai ka shigo ciki. Akan je wa uwargida da furanni, amma ba a kai adadin da ya rabu biyu daidai, sai uku ko biyar ko bakwai.

Ranar da aka fara kai ni wurin Babcia na durƙusa na gaishe ta yadda kuka koya mana. Ta tambayi jikarta me ya faru, aka ce mata haka ake gaida tsofaffi a garinsu. Sai ta dafa kaina da hannu biyu, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Tun daga ranar, duk zuwan da zan yi sai ta sa an dafa mini romon kaza da taliya, wanda shi ne abincinsu na ranar Lahadi.

Abin da ya fi mini wuya shi ne zama tebur ɗaya da iyayenta ina cin abinci suna kallona. Su ba su san kunyar surukai irin tamu ba. A wurinsu ƙin ci shi ne rashin ladabi, kuma in an tashi daga tebur kowa sai ya ce na gode. Naman alade da giya suna cikin abincin ƙasar sosai, ba zan ɓoye muku ba. Tun zuwan farko na yi musu bayani, kuma ba a taɓa matsa mini ba. Mahaifiyarta ta sayi tukunya da kasko sababbi ta ware don ni, ita da kanta take zuwa shagon Turkawa sayen naman halal.

A bara sun gayyace ni cin abincin daren 24 ga Disamba, wanda ya fi kowane dare girma a wurinsu. Ba a farawa sai tauraron farko ya fito. Kala 12 ake dafawa, babu nama sai kifi. Na lura da kujera guda da faranti a gabanta ba kowa, na tambaya wa ake jira. Aka ce ba kowa, ta baƙon da zai iya ƙwanƙwasa ƙofa ce. Suna da karin magana cewa baƙo a gida, Allah a gida. Nan na tuna akushin da marigayi Abba yake sa a ajiye a zaure kowane dare.

Ranar 1 ga watan nan kuma na raka su maƙabarta. Rana ce ta hutu a ƙasar, mutane sukan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita don ziyarar kabarin iyaye. Su suna gina kaburbura, su wanke su, su jera furanni da kyandir a cikin kwalabe, da dare maƙabarta ta haske kamar kasuwa. Ba hanyarmu ba ce, na tsaya gefe, kuma ba wanda ya ce in yi wani abu. Babcia ta kunna kyandir ɗaya a gindin babban gicciye na tsakiyar maƙabartar, inda ake kunna wa waɗanda kabarinsu ya yi nisa. Na mahaifin ita Babcia ne, wanda aka binne a can Yukren tun kafin su taso. A yaƙin duniya na biyu ƙasar ta rasa mutum kusan miliyan 6, wajen rabinsu Yahudawa, shi ya sa wurin yake cika da wuta.

Maganar addini, 'yan Katolika ne. Ita tana karanta littattafan da na ba ta, tana tambaya, ban tilasta mata ba, ina dai addu'a. Mun yi maganar tarbiyyar yara a gaban iyayenta, kuma limamin masallacinmu na nan ya zauna da mu sau biyu. Musulunci ba baƙo ne ƙwarai a ƙasar ba. Akwai Tatar, Musulmi da suka yi ɗaruruwan shekaru a nan, waɗanda sarkin Poland Jan Sobieski ya ba ƙauyukan Bohoniki da Kruszyniany a 1679, masallatansu na katako suna nan tsaye har yau. Mahaifinta ne ya fara ba ni labarinsu. Ba kowa ne ya yi murna da ni a dangin ba. Akwai wani kawunta da har yanzu ba ya haɗa ido da ni, a titi ma wani lokaci akan bi ni da kallo. Na ga ya kamata ku san wannan ma.

Yanzu ga roƙona. Da muka gama jera kakanninsu a babbar takarda, mahaifinta ya juyo da ita, ya miƙo mini biro ya ce saura naka. Na rubuta Abba, na rubuta Malam Babba, na rubuta mahaifinsa, daga nan na tsaya. Na san an ce daga Katsina kakanmu ya taso da fataucin goro zuwa Gwanja, amma ban san sunansa ba, ban san matarsa ba. Don Allah, Baffa, ku zauna da Gwaggo ku faɗa, ƙanena ya rubuta, maza da mata, da garuruwan da aka zauna, da wanda ya yi karatu a wurin wa. A duba bangon Alƙur'anin Malam Babba, na tuna akwai rubutun ajami a ciki. Su ma suna so su san gidan da 'yarsu za ta shiga.

Mahaifinta ya ce a shirye yake ya gaisa da ku ta bidiyo duk ranar da kuka sa, ni zan yi tafinta. Asabar ko Lahadi ta fi masa sauƙi, kuma yanzu agogonmu ɗaya da na gida. Ban sa rana ba, ban ba da komai ba, ina jiran abin da kuka yanke.

Na turo kuɗin maganin Inna da na makarantar yara ta hannun Yaya, a duba ko sun iso. A gaida Inna da Gwaggo, a gaida Liman da mutanen zaure. A sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku