Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin wasan tankokin yaƙi: ku mayar wa IS-2 da gaskiyarta

Bayan gaisuwa mai yawa,

Ina rubuto muku ne kan sauyin da kuka yi wa tankar IS-2 a sabuntawar da ta gabata. Kun zaftare kusan rabin lokacin da take ɗauka kafin ta sake ɗura harsashi, kuka ce don a samu daidaito ne, amma har yanzu kuna tallata wasan da sunan mai bin tarihi. Abubuwan nan biyu ba za su zauna inuwa ɗaya ba.

Duk wanda ya san tankar nan ya san jinkirin ɗuri shi ne halinta. Tarayyar Sobiyet ta fara ƙera ta a birnin Chelyabinsk a ƙarshen 1943, ta ɗora mata igwa D-25T mai faɗin baki milimita 122, wadda asalinta daga igwar filin daga ta fito. Harsashinta ba guda ba ne. Mai ɗuri sai ya fara ɗaga kan harsashin, mai nauyin kusan kilo 25, wato rabin buhun siminti, ya tura shi cikin igwa, sannan ya juyo ya ɗauko kwanson albarushi daban ya bi bayansa da shi. Duk wannan a cikin matsattsen wuri, igwa ta cinye rabin fili, hayaƙi ya cika ido, tanka na girgiza. Shi ya sa harbi biyu zuwa uku take yi a minti, kuma harsashi 28 kacal take ɗauka. Yanzu a wasanku wannan bawan Allah ya zama aljani, yana wurga ƙarfe kamar ba nauyi.

Na san abin da ya kai ku ga haka, kuma ban ce babu matsala ba. Masu hawa IS-2 sun daɗe suna kuka, suna da gaskiya kuwa, domin kun jefa ta fili ɗaya da Centurion Mk 3 ta Birtaniya da M46 Patton ta Amurka, tankokin da aka ƙera bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu. Centurion ɗin ma tana da na'urar da ke riƙe igwa daidai tana cikin tafiya. Tankar 1944 ba ta da abin da za ta yi da su, sai dai a yi ta farfasa ta. To amma laifin na wa? Na wanda ya haɗa karon ne. Maimakon ku raba su, sai kuka ƙara wa IS-2 ƙarfin da ba ta taɓa samu ba, kuka yi gyaran gangar auzinawa.

Ku duba yadda abin ya faɗa kan masu Panther, tankar Jamus. A da, idan ina cikinta a taswirar cikin gari na ji IS-2 ta saki wuta ta kuskure, na san ina da kusan daƙiƙa 20. In fito daga bayan rusasshen gini, in zagaya gefenta, in harba, in koma. Panther tana da igwa mai milimita 75 da harsashi a haɗe, tana ɗauke da kusan 80, ga ma'aikata biyar, alhali IS-2 huɗu gare ta. Saurin harbi shi ne makaminta, domin sulken gefenta milimita 40 zuwa 50 ne, bai jure dukan 122. Yanzu da na leƙo, harsashi na biyu yana jirana. Kun ƙwace wa Panther abin da take taƙama da shi, kun kuma bar IS-2 tana shan kashi a hannun Centurion kamar jiya.

Shi ma mai IS-2 kun rage masa wani abu. Daɗin hawanta yana cikin lissafi ne: ka san harbinka ɗaya ne, ka san igwarka ba ta sunkuyawa sai digiri uku, saboda haka ba ka hawa tudu barkatai, kana zaɓen lungu, kana jiran abokan tafiya su rufa maka baya yayin ɗuri. Haka aka yi amfani da ita a zahiri, a rundunonin fasa shinge masu tanka 21, har zuwa titunan Berlin a Afrilun 1945, inda sojojin ƙasa ke kare ta tana rusa gine-gine da katangu. Yaron da ya fara wasanku yau ba zai taɓa sanin haka ba, kuma da yawa daga cikinmu ta nan muka fara karanta tarihin yaƙin.

Abin da nake nema a fili yake. Ku mayar da lokacin ɗuri yadda yake a tarihi, ku sauko da IS-2 matakin da za ta riƙa karawa da tankokin Jamus Panther da Tiger da Tiger II, sa'o'inta na 1944 da 1945. Idan ta yi ƙarfi a can, ku ƙara kuɗin gyaranta ko ku rage yawanta a kowane karo, waɗannan duk a hannunku suke ba tare da an taɓa ƙarfen tankar ba. Idan kuma kun ƙudura barin sauyin, to ku rubuta a katin bayaninta cewa adadin ba na tarihi ba ne.

Mun sa kuɗinmu da datarmu a wasan nan bisa alkawarin da kuka ɗauka. Muna jiran amsa a bainar jama'a, daga sashen da ya yanke shawarar, tare da takardar tarihin da kuka dogara da ita in akwai.

Naku,
Wani daɗaɗɗen mai buga wasanku