A Daina Kashe Furen Fotulaka Da Ruwa

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi wa masu lambu tuni kan fotulaka, furen nan mai yaɗo, ɗan'uwan fasa-ƙaba, wanda asalinsa Kudancin Amurka ne.

Ƙasa mai rairayi yake so, da rana aƙalla awa 6. A inuwa furen ba ya buɗewa. Irinsa ƙanana ne sosai. A gauraya shi da yashi a barbaɗa, kada a rufe, domin sai da haske yake tsirowa, cikin kwana 7 zuwa 14. Reshe ya fi sauƙi: a yanki santimita 10, a soka, a bar tazarar santimita 20.

Yawan ban-ruwa ke ruɓar da saiwarsa, musamman da damina. Sai ƙasa ta bushe a ƙara, tukunya kuma a huda gindinta. Taki in ya yi yawa, ganye za a samu, fure kaɗan.

Naka,
Wani mai lambu, Zariya