Kada Ka Sa Hannu Tukuna

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin? Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton hannun da inji ya ji wa rauni a wurin aiki: manuniya a naɗe cikin bandeji, babban yatsa ya kumbura kamar ba naka ba. Sannu. Allah ya sa kaffara ne.

Abin da ya hana ni barci shi ne takardar da ka ce an biyo ka da ita har gadon asibiti, wai ka sa hannu a ba ka kuɗi a dunƙule, magana ta mutu. Don Allah ka dakata.

Diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki iri biyu ce, mutane kuma ta farkon suka fi sani. Ita ce ta wucin gadi, kuɗin da ake ba ka a madadin albashi muddin likita ya hana ka aiki. Galibi ba ya kai albashin. Yarjejeniya mai lamba 121 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1964, ta tsayar da aƙalla kashi 60 cikin 100 ga magidanci mai mata da 'ya'ya biyu. Jihohin Amurka da dama kuwa kashi biyu cikin uku suke biya, bayan jiran kwana uku zuwa bakwai. Wannan kuɗi yakan tsaya ran da ka koma aiki, ko ran da likita ya ce raunin ya warke iya warkewar da zai yi.

To, daga ranar ne ake fara lissafin ta biyun, ta naƙasa ta dindindin, wato abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ka tuna faɗowata daga tsani? A mako na uku na sa hannu a irin wannan takarda, ina murna zafi ya ragu. Bayan wata takwas likita ya ce in ɗaga hannu sama, ya tsaya cak a daidai kunne. Ya ɗora ma'auninsa a kafaɗar, ya rubuta lamba, ya tambaye ni ina takardun diyya. Na rasa bakin magana. Har yau da hagu nake sauko da kaya daga kan kanta.

Wasu wuraren ma kowace gaɓa da adadinta a doka. A jihar New York, rasa hannu daga kafaɗa diyyar mako 312 ce, ido mako 160, babban yatsa 75, manuniya 46. Idan rabin amfanin yatsan ne ya tafi, rabin makonnin za a ba ka. Abin da ban tsoro, a ce an yi wa jikin ɗan Adam jadawali, amma gara hakan da a bar ka kuna ciniki da mai neman ya biya kaɗan. Wa ya san yau ko yatsan nan zai lanƙwasu nan da wata shida? Kai da aikinka duk na riƙe ƙananan kusoshi ne!

Ka ce kana jin nauyi don kai ka yi garaje a gaban injin. Cire wannan a ranka. Tun da Jamus ta kafa inshorar haɗarin aiki a 1884, zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, tsarin ya ginu ne a kan biyan ma'aikaci ba tare da tonon wanda ya yi sakaci ba. Maye da ji wa kai rauni da gangan ne sukan hana mutum haƙƙinsa, kai kuwa ba ruwanka da su.

Ka tabbata an rubuta rahoton haɗarin da kwanan wata, domin kusan ko'ina akwai wa'adin kai rahoto. Ka adana kowace takardar asibiti, har rasit na magani. Waccan takarda kuma ka nuna wa wakilin ƙungiyarku ko lauya, ya karanta maka ita a kan dokar inda kake.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Kada ka wahalar da hannun wajen ba ni amsa, ka sa babban yaronka ya rubuto, ko ka turo murya.

Naka har kullum,
Amininka